GYARAN BIRKIN TSOHUWAR TARAKTA: BAYANI GA MANOMA, DIREBOBI DA JAMI'AN ƘANANAN HUKUMOMI

Kamar yadda jama'a suka sani, aikin tarakta a karkara ba ya ƙarewa da huɗa da haro. Da zarar kaka ta kama, tarakta kan koma motar dakon kaya: a ɗaura mata tirela, a loda buhunan masara, dawa ko shinkafa, a hau hanyar kasuwa. Sau da yawa kuma akan ga 'yan kwadago, mata da yara zaune a kan kayan. A wannan lokaci ne rayuka da dukiya suke dogara kacokan a kan wani sashe na tarakta wanda ba kasafai ake kula da shi ba, wato birki.

Mun lura cewa idan inji ya ƙi tashi, mai tarakta ba ya kwana sai ya nemo makanike, domin aiki ya tsaya. Amma idan birki ya yi rauni, tarakta na ci gaba da tafiya, sai a ce a bari sai an samu hali. Manufar wannan bayani ita ce mu fahimtar da jama'a cewa birkin tarakta ba ya mutuwa dare ɗaya. Sannu a hankali yake lalacewa, galibi gefe guda yakan riga ɗaya gefen, kuma yana ba da alamomi tun da wuri. Gyara na gaskiya shi ne wanda ya gano musabbabin lalacewar, ya kuma daidaita ɓangarorin biyu tare.

TARAKTOCIN DA KE HANNUNMU

Yawancin tsofaffin taraktocin da ke yankunanmu sun shigo ne ta hanyar shirye-shiryen gwamnati na bunƙasa noma, tun daga shirin ciyar da ƙasa na shekarar 1976 da shirin juyin juya halin noma na 1980, zuwa ayyukan hukumomin raya aikin gona na jihohi da sassan hayar tarakta. A shekarun 1980 ana harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, ana kuma harhaɗa na Fiat a Kano. Haka nan akwai taraktocin Massey Ferguson masu yawa, daga tsofaffi irin su 135 da 165, waɗanda aka fara ƙerawa a 1964, zuwa 375 wadda manoma suka fi sabawa da ita a baya-bayan nan. Akwai kuma Ford da wasunsu.

Da yawa daga cikin waɗannan taraktoci sun bi ta hannun mutum uku ko huɗu, littafin da kamfani ya haɗo su da shi ya ɓace, wasu ma an yi masu dashen kayan wata tarakta. Saboda haka, abin da za mu kawo a nan ƙa'idoji ne da suka shafi kowane iri. Inda awo ya bambanta daga wata tarakta zuwa wata, littafin kamfani ko ƙwararren makanike shi ne abin komawa.

YADDA BIRKIN TARAKTA YA BAMBANTA DA NA MOTA

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a tsofaffin taraktoci birki yana kan tayoyin baya ne kawai. Tayoyin gaba ba su da birki ko kaɗan. Ke nan duk nauyin tarakta da na abin da take ja, tayoyi biyu ne ke tsayar da shi.

Abu na biyu, tarakta tana da fedar birki guda biyu a gefen ƙafar dama: ɗaya ta tayar hagu, ɗaya ta tayar dama. An yi haka ne domin direba ya iya juyawa a ɗan ƙaramin wuri idan ya kai ƙarshen kunya. Yakan taka feda ɗaya, taya ɗaya ta tsaya, tarakta ta juya a kanta. A tsakanin fedojin akwai wata 'yar sakata ta ƙarfe da ke haɗe su su zama ɗaya. A gona akan buɗe sakatar, amma a kan hanya wajibi ne a kulle ta. Idan tarakta tana gudu aka taka feda ɗaya kawai, sai ta fizge zuwa wannan gefen, kuma da yake doguwa ce, nauyinta yana sama, tana iya kifewa nan take.

Daga nan ne babbar matsalar take tasowa. Kowane direba yana da gefen da ya fi juyawa a gona, don haka birkin wannan gefen ya fi saurin cinyewa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai feda ɗaya ta riƙa kamawa tun daga sama, ɗayar kuma sai ta kusa kai ƙasa. A irin wannan hali ko an kulle sakata ba a tsira ba, domin gefe ɗaya zai riga kamawa, tarakta ta karkace daga kan hanya.

IRE-IREN BIRKI GUDA UKU

Kafin a kwance ko noti ɗaya, sai a tabbatar da irin birkin da tarakta take da shi, domin abin da ke gyara wani iri yana iya ɓata wani.

Na farko shi ne birkin durom. Durom wata ƙwarya ce ta ƙarfe da ke bayan tayar baya, tana juyawa tare da ita. A cikinta akwai takalman birki guda biyu masu lanƙwasa, an manna ko an ƙusance masu lainin. Idan aka taka feda, takalman sukan buɗe su matse jikin durom daga ciki. Irin wannan ne a kan Massey Ferguson 135 da ƙananan taraktoci da dama. Shi ya fi sauƙin gyara, domin da an cire taya an isa gare shi.

Na biyu shi ne busasshen birki mai faifai. Wannan yana can ciki, kusa da akwatin giya. Faya-fayai ne masu lainin da ke juyawa tare da shaf, a tsakaninsu kuma akwai wasu farantan ƙarfe biyu da ƙwallayen ƙarfe a cikin ramuka masu gangara. Idan aka taka feda, farantan sukan ɗan juya, ƙwallayen su hau gangarar su ture farantan waje, su matse faya-fayan. Irin wannan ne a kan yawancin Massey Ferguson 165.

Na uku shi ne birki mai faifai da ke nutse cikin mai. Aikinsa kusan ɗaya ne da na biyu, sai dai an ƙera shi ne domin ya zauna cikin man giya, man yana sanyaya shi. Irin wannan ne a kan Massey Ferguson 375 da yawancin taraktocin da suka biyo baya. Ya fi sauran daɗewa, amma yana da zaɓen mai.

A taƙaice, iri biyun farko mai ne babban abokin gabarsu, na ukun kuwa ba ya rayuwa sai da mai, amma mai na ƙwarai. Bugu da ƙari, ƙarfin ƙafar direba yana isa ga birki ta ɗayan hanyoyi biyu: ko ta sandunan ƙarfe da ke haɗe da feda, ko ta man birki da ke bi ta cikin siraran bututu.

ALAMOMIN DA BAI KAMATA A YI WASA DA SU BA

Muna jan hankalin direbobi da masu taraktoci ga waɗannan alamomi:

1. Feda tana tafiya can ƙasa kafin birki ya kama. Wannan yana nuna lainin ya cinye ko saiti ya saki.

2. Tarakta tana ja gefe guda idan an taka fedojin a kulle. Ɓangarorin biyu ba su daidaita ba, ko kuma mai ya jiƙa gefe ɗaya.

3. Feda tana da tauri, ana takawa da ƙarfi, amma tarakta ba ta tsayawa. A busasshen birki, wannan alamar mai ce a kan lainin, ko kuma lainin ya goge ya yi santsi kamar gilashi.

4. Danshin mai a cikin ƙarfen tayar baya, ko mai yana ɗiga daga ƙasan durom.

5. Birki yana cafkewa farat ɗaya, ko ya ƙi saki bayan an ɗaga ƙafa. Tsatsa ce ta kama ƙwallaye ko sandunan feda, ko kuma sifirin da ke mayar da feda ya karye.

6. Ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe. Lainin ya ƙare, ƙusoshi ko ƙarfen takalmi suna cin durom.

7. Kuka ko karkarwa daga birkin da ke cikin mai, musamman wajen juyawa. An zuba man da bai dace ba, ko man ya tsufa, ko ruwa ya shiga cikinsa.

8. Feda ta yi laushi kamar soso, sai an taka sau biyu ko uku kafin ta kama. A birkin da ke aiki da man birki, iska ce ta shiga bututu ko man yana zuba.

Duk taraktar da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamomi bai kamata ta hau hanya da kaya ba sai an duba ta.

KAFIN A ƊAUKI SIFANA

Gyaran birki shi kansa yana da haɗari, don haka sai a kiyaye waɗannan matakai. A ajiye tarakta a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba kan rairayi ko gangare ba. A sauke garma ko haro ƙasa, a kwance tirela, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu. A sa waigi a gaba da bayan tayoyin gaba. Da yake ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba yana lilo a tsakiyarsa, sai a cusa katako a ɓangarorinsa biyu, don kada tarakta ta karkata idan an cire tayar baya.

Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba. Da an ɗaga, sai a tokare da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka ko manyan gumagumai na itace mai ƙarfi. Kada a kuskura a yi amfani da bulon siminti ko tubalin ƙasa, domin sukan farfashe ba tare da wata alama ba. Tayar baya tana da nauyin gaske, musamman idan an ɗura mata ruwa ko an ɗaura mata ƙarafa domin ƙarin nauyi. Mutum ɗaya ba ya cire ta, kuma idan ta fara faɗuwa a kauce mata, kada a yi ƙoƙarin tarewa. A kori yara daga wurin aikin.

Har ila yau, tsofaffin lainin da yawa suna ɗauke da sinadarin asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa mummunan ciwon huhu da sankara bayan shekaru. Kada a hura ƙurar cikin durom da baki ko da injin iska. A jiƙa tsumma a goge, sannan a ƙulle tsumman a leda a zubar inda yara ba za su ɗauka ba.

MATAKI NA FARKO: SANDUNA DA SAITI

Ba kowace matsala ce ke bukatar buɗe birki ba. A fara da abin da ido ke gani. A taka kowace feda da hannu, a ga ko tana komawa sama da kanta. A bi sandunan daga feda har zuwa baya, a duba ko akwai wadda ta lanƙwashe, ko fil ɗin da ke haɗa su ya cinye, ko an maye gurbinsa da ƙusa ko waya. A taraktoci da yawa fedar hagu tana aiki ne ta wani dogon ƙarfe da ya ratsa ƙarƙashin akwatin giya. Laka da tsatsa sukan kama shi, har taka feda ɗaya ya riƙa jan ɗayar. A wanke shi, a sa masa giris. A kuma duba sakata: idan ta ɓace ko ta yi sako-sako, a gyara ta kafin komai.

Daga nan sai saiti. A ɗaga tayoyin baya, a buɗe sakata, a saki birkin ajiya, a yi gefe ɗaya bayan ɗaya. A birkin durom, abin saitin yana jikin farantin da ke bayan durom. A birki mai faifai kuwa, noti ne a kan sandar da ta shiga cikin jikin tarakta. Mutum ɗaya ya riƙa juya taya da hannu, ɗayan yana ɗaure saitin har sai tayar ta kafe. Sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har ta koma juyawa ba tare da gogawa ba. A yi haka a ɗaya gefen.

Bayan haka sai a auna wasan feda, wato tazarar da feda ke tafiya kafin a ji ta fara kamawa. A taraktoci da yawa wannan tazara kimanin faɗin yatsu biyu zuwa uku ce, amma littafin kowace tarakta ya faɗi nata awon. Abin da ya fi muhimmanci shi ne fedojin biyu su kama a wuri ɗaya. Kada kuma a ɗaure har wasan ya ƙare gaba ɗaya, domin birkin zai riƙa gogawa, ya yi zafi, ya cinye lainin, ya kuma ƙara shan man gas. Idan an ɗaure saiti har ƙarshensa amma feda tana tafiya ƙasa, to lainin ya ƙare, sai buɗewa.

MATAKI NA BIYU: BUƊE BUSASSHEN BIRKI

A birkin durom, bayan an cire taya sai a sassauta saiti, a kwance sukurorin da ke riƙe da durom, a zare shi. Kafin a taɓa takalma da sifirin, a ɗauki hotonsu da wayar hannu domin a san yadda za a mayar da su.

Idan aka tarar da lainin baƙi ƙirin yana maiƙo, to an gano ainihin cutar. Man giya ne yake tsallako robar da ke tare shi a kan shaf, wadda makanikai ke kira sil. A nan ne ake yawan yin gyaran ganin ido. Wasu sukan wanke lainin da fetur, wasu su babbaka shi da wuta, a mayar. Birkin zai kama na 'yan kwanaki, amma man da ya riga ya shige cikin lainin yakan sake fitowa da zarar birki ya yi zafi, wato daidai lokacin da ake gangara da kaya. Wasu kuma sukan sayi sabon lainin su bar tsohon sil, ba a jima ba sabon ma ya jiƙe. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sil shi ne tsagar, shi za a fara toshewa.

Canza sil yana bukatar zare shaf. A irin su Massey Ferguson 135 akwai wasu siraran faya-fayan ƙarfe a wurin da shaf yake ɗaure, waɗanda ke daidaita wasansa. A ƙirga su, a ajiye na kowane gefe daban, a mayar da su yadda aka same su. A duba boris: idan ya cinye, shaf zai riƙa rawa ya kashe sabon sil. A kuma binciki abin da ya sa man ya fito tun farko. Sau da yawa an cika man giya ne fiye da alamar da ke jikin sandar awo, ko kuma ƙofar da akwatin giya ke numfashi ta toshe da laka.

A wanke cikin durom tas, a goge santsinsa da sanfefa. Idan ya tsage ko ƙusoshi sun yi masa zurfafan layuka, a canza shi. A sa sababbin takalma da sababbin sifirin idan tsofaffin sun saki. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: lainin hagu da na dama tare ake canza su, kuma iri ɗaya, ko da gefe guda ne ya lalace. Sabo a gefe ɗaya, tsoho a ɗaya gefen, ba za su taɓa kamawa daidai ba.

Busasshen birki mai faifai ya fi wannan aiki, domin sai an sauke dukan ƙarfen da ke ɗauke da tayar baya, kuma yana da nauyi ƙwarai. Muna ba da shawarar a bar wa makaniken da ke da abin ɗaga kaya. Idan an buɗe, a raba farantan nan biyu, a kankare tsatsar ramukan, a canza ƙwallayen da suka yi tabo da sifirin da suka saki. Kada a cika wurin da giris, domin zai narke ya bi lainin. A canza sil tun da an riga an buɗe, don kada a sake wannan wahala bayan wata biyu.

BIRKIN DA KE CIKIN MAI

A wannan iri, mai ɗaya ne yake yi wa giya, na'urar ɗaga garma da birki aiki, saboda haka lafiyar birki tana tattare da lafiyar man. Ana bukatar man da aka yi musamman domin taraktoci masu birki cikin mai, wanda galibi akan ga an rubuta UTTO ko STOU a jikin mazubinsa. Man inji na mota, man giya mai kauri na manyan motoci, ko baƙin man da aka juye daga wani inji, duk suna sa birki kuka da karkarwa, su kuma rage masa kwana. Araha ba ta ado.

A zaro sandar awo a duba launin man. Idan ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Yawanci yakan shiga ne ta yagaggiyar robar da ke gindin sandar giya idan tarakta ta kwana cikin ruwan sama, ko lokacin aiki a fadama. A juye man duka, a wanke matatarsa, a canza robar, a zuba sabo daidai alama. Idan bayan canza mai da yin saiti birkin bai dawo ba, ko aka ga ɓarɓashin lainin da na ƙarfe a cikin man da aka juye, to faya-fayan sun ƙare. A gaggauta buɗewa, domin wannan ɓarɓashi yana bin mai ya lalata famfon da ke ɗaga garma, gyaran da ya fi na birki tsada.

BIRKIN DA KE AIKI DA MAN BIRKI

Idan tarakta tana da ɗan kofin man birki, a kula ƙwarai da abin da ake zubawa. Wasu taraktoci suna amfani da man birki irin na mota, mai alamar DOT 3 ko DOT 4. Wasu kuma suna amfani da wani mai daban, dangin man haidirolik. Ba a haɗa su, ba a kuma musanya su. Idan aka zuba wanda bai dace ba, robobin ciki sukan kumbura su lalace, birki ya kafe ko ya mutu gaba ɗaya. A karanta abin da ke rubuce a murfin kofin ko a littafi kafin a zuba komai.

Idan man yana raguwa, to akwai inda yake zuba, kuma ƙari ba magani ba ne. A bi bututun a gano wurin. Bayan gyara sai a fitar da iska: mutum ɗaya ya taka feda ya riƙe, ɗayan ya buɗe ɗan notin fitar da iska, mai da kumfa su fito, ya rufe kafin a ɗaga ƙafa. A maimaita har kumfa ta ƙare, ana lura kada kofin ya bushe. A yi wa kowane gefe.

GWAJI BAYAN GYARA

Ba a gama gyara ba sai an gwada. A ɗaure notocin taya sosai, a sauke tarakta, a nemi fili busasshe inda babu jama'a. A kulle sakata, a tafi a hankali, a taka kuloci da birki da ƙarfi. Tarakta ta tsaya a miƙe, ba tare da sitiyari ya fizge ba. A sauka a duba sawun tayoyin baya a ƙasa: su fara a wuri ɗaya, tsawonsu ya zama ɗaya. Idan sawun gefe ɗaya ya fi tsawo, a koma kan saiti. Sannan a yi 'yar tafiya ba tare da taka birki ba, a kusantar da hannu ga kowane gefe. Zafi mai yawa yana nuna birkin yana gogawa. A gwada birkin ajiya a ɗan gangare. Bayan aikin kwana biyu ko uku a sake duba saiti da notocin taya, domin sabon lainin yakan zauna.

ABIN DA BIRKI BA ZAI IYA BA

Ko sabon birki yana da iyaka. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a garuruwanmu ba su da birkin kansu. Buhu 40 na masara mai kilo 100 tan 4 ke nan, ban da nauyin tirelar, alhali ƙaramar tarakta irin 135 kimanin tan ɗaya da rabi ce. A gangare, irin wannan kaya shi ke tura tarakta, ba ita ke jan sa ba. Shawarar masana injiniyan aikin gona ita ce kada nauyin abin da ake ja marar birki ya wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi. Haka kuma, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa takan ninka sau huɗu.

Don haka a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangara, irin giyar da za a hau wannan tudu da ita. Kada a taka kuloci ko a cire giya a gangare da sunan tsimin mai. A ɗaura tirela a ƙarfen ja da aka tanada a ƙasa, da fil mai makulli. Kada a ɗauki fasinja a kan murfin taya ko a kan ƙarfen ja.

KIRA GA SHUGABANNI DA JAMI'AI

Muna kira ga shugabannin sassan aikin gona na ƙananan hukumomi da masu kula da hayar tarakta da su sanya duba birki cikin jadawalin aiki sau biyu a shekara: kafin faɗuwar damina, da kuma bayan an gama huɗa, kafin dakon kaka. A buɗe wa kowace tarakta littafi, a riƙa rubuta ranar gyara, abin da aka canza da irin man da aka zuba. A ware kuɗin lainin, sil da mai a cikin kasafi, a kuma sayi kaya da lambar da ta dace da taraktar. Direban da ya kawo rahoton raunin birki ya cancanci yabo, kada a matsa masa ya fita aiki da ita.

Ƙungiyoyin manoma da ke karɓar haya suna da haƙƙin su ce a gwada birki a gabansu kafin a loda kayansu. Muna kuma roƙon iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, tare da malaman gona, da su isar da wannan saƙo a wuraren taruwar jama'a, musamman a ranakun kasuwa. Tarakta idan ta hau titi, dokokin hanya sun hau kanta kamar kowace mota, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an duba lafiyar motoci suna da ikon tsayar da ita.

Daga ƙarshe, muna tunatar da masu taraktoci cewa kuɗin lainin biyu, sil da aikin makanike na kwana ɗaya ko biyu ba su kai asarar tirela guda ta hatsi ba, balle ran ɗan Adam. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu a gona da kan hanya, Ya ba mu damina mai albarka da kaka mai yalwa, amin.